Kalmar “maverick” ba ɗan tawaye take nufi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman a ba ni fili in yi tsokaci a kan wata kalmar Turanci da masu fassara labaran siyasar Amurka ke yawan tuntuɓe da ita, wato “maverick”. Tun yaƙin neman zaɓen 2008, lokacin da aka riƙa yi wa Sanata John McCain laƙabi da ita, nake jin ana mayar da ita “ɗan tawaye” ko “mai taurin kai”, kuma a ganina duka biyun sun kauce hanya.

Asalinta sunan mutum ne. Samuel Maverick lauya ne mai tarin filaye a Teksas, an haife shi a 1803, ya rasu a 1870, ya taɓa riƙe magajin garin San Antonio, kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ɓallewar Teksas daga Meziko a 1836. A shekarun 1840 wani ya biya shi bashi da shanu wajen 400. A wancan zamani dabbobi na kiwo ne a sarari babu shinge, saboda haka kowane mai garke yakan gasa ƙarfe ya ɗora wa maraƙinsa tambari a cinya, don a san mai shi. Shi kuwa Maverick hankalinsa na kan filaye, bai kula an yi wa nasa tambari ba, har maƙwabta suka saba idan sun ga maraƙi da fata sumul su ce na Maverick ne. Ya sayar da garken a 1856, amma sunan ya zauna a bakin makiyaya, daga baya ya koma kan mutane.

Abin da ya dame ni da fassarar shi ne, ɗan tawaye yana da shugaban da ya juya wa baya, alhali wannan kalma tana nuni ne ga wanda tun farko babu tambarin kowa a jikinsa. Misali, McCain bai bar jam'iyyar Republican ba har ya rasu, amma a watan Yulin 2017 ya tsaya a zauren majalisar dattawa ya kifa babban yatsansa, ya ƙi goyon bayan yunƙurin jam'iyyarsa na soke dokar lafiya ta Obama.

Ina ba masu fassara shawara su riƙa cewa “mai cin gashin kansa”, ko kuma, inda jimla ta ba da dama, “wanda ba ya bin garke”, domin wannan ya fi kusa da inda kalmar ta fito.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.