A tanadi wuta da malami kafin a sayo kwamfuta

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohi (SUBEB) da ma'aikatun ilimi na jihohi. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara a 2024 da masu rubutawa a ƙashin kansu. Don haka yaron makarantar gwamnati ba shi da zaɓi sai ya koyi kwamfuta. Sai dai yadda ake shirin kafa ɗakunan kwamfuta a makarantu a baibai yake: a sayo kwamfutoci, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, sannan a tuna babu wuta.

Wutar ce abin fara lissafawa. Kwamfutar tebur da allonta na iya jan wat 150, ta tafi-da-gidanka kuwa wajen 50. In ɗakin na da talatin na tafi-da-gidanka, wat 1,500 ke nan. A kunna su awa biyar, an sha kilowat-awa bakwai da rabi. Farantin sola mai wat 400, bayan an cire abin da zafi da ƙura da wayoyi ke ci, kusan kilowat-awa ɗaya da rabi yake bayarwa a wuni. Ke nan biyar sun isa a takarda, amma a sa takwas saboda hadarin damina da hazon hunturu, da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) mai ƙarfin kVA uku zuwa biyar. Da na tebur ne, sai an ninka komai sau uku.

Batir ne ke fara mutuwa. Mai dalma, na 200Ah da bolt 12, rabin abin da ke cikinsa kawai ake sha. A riƙa tatse shi ƙarƙaf, ba zai daɗe ba. Zafi ma na cinye shi, duk ƙarin digiri goma a kan 25 na rage kusan rabin kwanansa. Ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu kabarin batir ne. A sa silin, a buɗe tagogi masu raga, a tsara darussan da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke ciyar da na'urorin kai tsaye. A kafa ƙarfen kariya daga tsawa, a wanke farantan duk mako da hunturu. Ƙofar ƙarfe da maigadi kuwa ba sai an faɗa ba.

Sai jadawali, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba. Makaranta mai ɗalibai 600, in yara biyu za su zauna kan kowace kwamfuta, zama goma ake buƙata kafin kowa ya taɓa sau ɗaya. A rubuta shi cikin jadawalin mako, in ba haka ba makullin zai kwana a aljihun shugaban makaranta don gudun kada a ɓata kayan gwamnati.

Intanet ba dole ba ne a farko. Kuɗin data ne ke fara tsayawa. Manhajoji irin su Kolibri da Kiwix na aiki ba tare da shi ba: a zuba darussa da Wikipedia, har ta Hausa, a ƙaramar na'ura guda, sauran su ɗauka ta Wi-Fi.

Malamai kuma a horar da aƙalla biyu a kowace makaranta, domin sauyin wurin aiki ɗaya kan rufe ɗaki. Horon ya haɗa da busa ƙura daga fanka, sauya caja, da sake zuba manhaja idan ta lalace.

Roƙona ga masu rubuta kwangila: kada a sa hannu sai an ga layin kuɗin gyara na shekara uku, da caja da linzami na ajiya, da sunan wanda kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) zai kira ranar da inbata ta fara ƙara.

Naka,
Mai karatu, Zariya