A koya wa yara rausayar muryar Turanci da kunne, ba da alli kaɗai ba

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwana malaman Turanci na makarantun sakandare a Jihar Kebbi a kan yadda muke koyar da rausayar murya, wato hawa da saukar murya a cikin jimla.

Abin da aka saba shi ne malami ya rubuta jimla a allo, ya zana kibiya mai kallon sama ko ƙasa a ƙarshenta, yara su kwafe, a wuce gaba. Ba a rasa dalili ba, domin takarda ta uku ta jarrabawar Turanci ta WAEC, wadda ake kira ta furuci, tambayoyi 60 ne na canki-canka da ake amsawa ba tare da ɗalibi ya buɗe baki ba.

Ƙa'idar kanta ba ta da yawa. Murya takan sauka a ƙarshen jimlar bayani da ta umarni, takan kuma hau a tambayar da amsarta i ce ko a'a, kamar "Are you coming?" Inda yaranmu suke tuntuɓe shi ne zaton da suke yi cewa kowace tambaya sai an ɗaga mata murya, alhali tambayar da ta fara da "where" ko "what" ko "who" sauka take yi. Haka kuma "You are coming, aren't you?" idan an ɗaga ƙarshenta tambaya ce ta wanda bai sani ba, idan kuwa an sauke shi, mai maganar ya riga ya sakankance, amincewarka kawai yake nema. Ina kibiyar alli za ta iya jiyar da yaro wannan bambanci?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da jari a hannu muna barinsa. Ɗan Bahaushe tun yana goye kunnensa yake rarrabe karin sauti, shi ya sa ba ya rikita kukan yaro da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki, duk da cewa a rubuce kuka da kuka, wuya da wuya, ba su da maraba. Bambancin kawai shi ne a Hausa karin yakan sauya kalmar ɗungurungum, a Turanci kuwa kalmar tana nan, nufin mai magana ne yake sauyawa.

Na gwada wannan a ajina a Argungu. Na ce su faɗi "Malam ya zo" a matsayin labari, sannan su maimaita a matsayin tambaya ba tare da sun sa "shin" ko "ko" ba. Babu wanda ya kasa, har da na bayan aji da ba su cika tanka mini ba. Daga nan na ce su rufe baki su rera jimlar da hanci, su ji inda muryar ta ɗaga, kafin na kawo musu "He has come" mu yi mata irin haka.

Saboda haka ina kira ga masu horar da malamai, musamman a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke nan Argungu, da su sa ɗalibansu su riƙa gwada wannan darasi da baki lokacin koyon aikin koyarwa. Mu kuma da muke cikin aji, ko minti biyar ne mu ware, mu kunna wa yara gajeriyar hirar Turanci a waya, su saurara su kwaikwaya.

Naku,
Wani malamin Turanci,
Argungu, Jihar Kebbi.