A Dawo da Dokar Hana Dala a Tafkin Kainji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan tafkin Kainji, domin a bakinsa na tashi, a bakinsa kuma furfura ta same ni. Ni Basarke ne daga Yauri. Ina yaro aka gama madatsar a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da gungunan da Gungawa ke zaune, aka mayar da mutane sababbin matsugunai. Amma mu masunta, shekarun farko sai hamdala. Mahaifina kan zuba raga mai ido yatsa huɗu da yamma, da asuba mu tarar da faliya har jirgi ya nemi nitsewa. Giwan ruwa kuwa, akwai wanda sai mutum biyu sun kama kafin ya hau tudu.

Yau ɗana kan ƙona man inji tun daga nan har kusa da tsibirin Foge, ya dawo da karfasar da ba ta cika tafin hannu ba.

Mutane na cewa masunta ne suka yi yawa. Haka ne, amma babbar cutar dala ce. Ga wanda bai sani ba, dala doguwar raga ce mai ido kamar gidan sauro, samari su kewaye ruwa da ita su jawo zuwa gaɓa, wai don kamun ƙananan kifin da ake kira warangi. To bakin gaɓar nan, cikin ciyawar burugu, nan ne 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa ke fakewa idan farin ruwa, wato cikowar kogi, ya shigo da damina. Dala ba ta tambayar sunan kifi. Ni ma na ja ta shekara uku, ba zan ɓoye ba. Da idona na ga 'ya'yan giwan ruwa, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, an shanya su a tabarma tare da warangi, ana aunawa da kwano. Kowane ɗaya, da an bar shi, wata rana shi kaɗai zai cika kwando.

A shekarun 1990 Jamusawa sun yi wani aiki a tafkin tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Jihohin Kebbi da Neja suka yi doka, aka fito da lasisin kamun kifi, aka haramta dala, aka kuma zauna da sarakunan ruwa, wanda a ganina shi ne abin da ya fi komai amfani. Mun ga bambanci a cikin jiragenmu. Da aikin ya ƙare, a hankali dala ta dawo, da farko da dare, yanzu ko kunyar rana ba ta ji.

Abin da masu ofis ba su cika lura da shi ba: mai jan dala ba shi ne mai dala ba. Wani attajiri ne a gari ya sayi ragar da injin, ya ba yara bashi, shi ke karɓar kifin a farashin da ya ga dama. Ka kama yaron nan, ka ƙona ragar, bashin na nan a wuyansa, jibi uban gidansa ya ba shi wata.

Don haka roƙona ga gwamnatocin biyu, su dawo da dokar nan tare, rana ɗaya, domin idan aka matsa a gaɓar Kebbi masu dala tsallakawa suke yi gaɓar Neja. A bi masu kuɗin da masu sayar da ragar a kasuwa. A ba sarakunan ruwa iko na gaske da jirgin sintiri, su suka san wanda ya fita da dare da inda ya sauke kaya. Yaran kuma a karɓi dalarsu a musanya musu da raga mai babban ido, kada a bar su hannu rabbana. In za a yi, a yi kafin farin ruwa ya iso a watan Agusta.

Naka,
Wani tsohon masunci,
Yauri, Jihar Kebbi.