Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kaduna, Sanata Uba Sani: a haɗa yaranmu a wurin sana'a

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, maganar da na kawo kowa a Kaduna ya san ta, mun dai saba da ita ne har ta daina ba mu tsoro. Tun rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, kogin Kaduna ya zama iyaka. Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista suka gangara Sabon Tasha da Television da Narayi. Yaran da aka haifa a lokacin yau sun kai aure, kuma da yawansu ba su taɓa cin tuwon Sallah ko shinkafar Kirsimeti a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da suka sani game da juna daga Facebook da hirar majalisa suka tsinto shi.

Iyayenmu ba taron fahimtar juna aka shirya musu ba. Masaƙun Kakuri ne suka haɗa su, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 har su Arewa Textiles da UNTL. Bahaushe da Bajju da Bakatafe da Bayarabe a kan inji ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, adashe ɗaya. Wanda ka ranci kuɗin cefane a hannunsa jiya, da wuya wani ya zuga ka ka ƙona masa gida yau. Da masaƙun suka mutu, wurin haɗuwar ma ya bi su.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne taron otal: a ba da rigar taro da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a watse. Fuskokin ma kusan kullum su ne dai. Ɗan acaɓa da yaron tasha da mai wankin mota, waɗanda ake fara miƙa wa gora in gari ya rikice, ba wanda ke gayyatar su.

Ina girmama aikin manya. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye jagororin matasa ne da suka yi gaba da juna lokacin da wutar Zangon Kataf ta 1992 ta iso cikin gari. Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, sannan suka kafa cibiyar sulhu a 1995. Da sa hannunsu aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, zamanin Ahmed Maƙarfi. Amma wata uku kacal bayan nan gari ya sake kamawa. Malamai da fastoci sun sa hannu a takarda, yaran da ke titi ba su san da ita ba.

Roƙona ga shi. Gwamnatinka ta gina cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. Kada a bar kowace ta zama ta 'yan yankinta kaɗai. A ware gurabe da gangan, ɗan Rigasa ya koyi walda a Samarun Kataf, 'yar Zonkwa ta koyi gyaran sola a Rigachikun. Na san babu uwar da za ta saki ɗanta haka kawai, don haka a tanadi ɗakin kwana da abinci, hakimai da masu unguwanni su tsaya musu. A kasuwar Panteka kuwa, duk ubangidan da ya ɗauki yaro daga ƙetaren kogi, gwamnati ta biya wa yaron kuɗin mota. In an zo yaye su, a fifita masu haɗa shago, Musulmi da Kirista, wajen rabon jari da kayan aiki.

Ita ma Hukumar Zaman Lafiya da aka kafa a 2017 a ba matasan unguwanni kujera a cikinta, da kasafin da za su taɓa da hannunsu. Su ne ke fara ganin jita-jita a WhatsApp, tun kafin ta isa kunnen 'yan sanda.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mazaunin Kaduna