Tunawa da Baba mai zanen gini, wanda yake tambayar iyali kafin ya ja layi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi ta'aziyyar wani dattijo, masanin zanen gine-gine, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a nan Bauchi kwanakin baya, bayan ya haura shekara tamanin a duniya. Na sakaya sunansa ne saboda iyalinsa ba su son a yayata shi, kamar yadda shi ma bai so ba yana raye. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashinsa dai Baba muke ce masa.

Ya koyi sana'ar ne a Zariya, a shekarun farko na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Da aka cire Jihar Bauchi daga tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas a 1976, aka shiga neman masu zana ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, sai ya tattara ya dawo gida. Ni kuwa na shiga ofishinsa ina saurayi, aikina fiƙe fensir da bin zane da tawada, tun kafin kwamfuta ta shigo cikin sana'ar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda yake karɓar mai son gina gida. Ba ya fara tambayar girman fili ko nauyin aljihu. Sai ya zaunar da mutum ya tambaye shi matansa nawa, 'ya'yansa nawa, mata nawa ne a cikinsu, ko mahaifiyarsa na wurinsa, ko yakan yi baƙi daga ƙauye masu kwana, da itace ake girki ko da gas, kuma ina ake shanya. Wasu masu kuɗi sukan ƙosa da wannan, musamman waɗanda suka zo da hoton wani gida mai gilashi da suka gani a Abuja ko Dubai. Baba yakan karɓi hoton da mutunci ya ajiye a gefe, sannan ya ce shi ba zai iya zana wa mutum gida ba sai ya san waɗanda za su kwana a ciki. A zanensa ba a rasa zaure ko abin da ya tsaya a madadinsa, domin baƙo ya sami wurin zama ba tare da ya ratsa ta kan matan gida ba. Ba a rasa tsakar gida mai faɗi, inda yara za su yi wasa uwa tana ganinsu daga madafa. Ɗakin tsohuwa kuwa a ƙasa yake sa shi, ba matakala, kusa da makewayi, inda hantsi zai riƙa taɓa ƙofarta lokacin hunturu. Ya san hadari daga gabas yake taso mana, ya san ranar yamma ce ke gasa ɗaki a watannin Maris da Afrilu, don haka yake juya gida yadda tagogi za su fuskanci kudu da arewa, iska ta shiga ta fita. Yau da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma man janareta ya yi tsada, mazauna gidajen nan sun san darajar wannan tunani.

Bai ɗauki wannan a matsayin ilimin da ya samo daga Turawa kaɗai ba. Ya sha ɗibar mu a mota zuwa Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, domin mu ga gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, wato maginin da ya yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Yakan tsayar da mu ƙarƙashin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke riƙe da rufin soro, ya nuna mana yadda aka jera azara aka ɗaure rufi da ƙasa, ya sa mu dafa bango mu ji sanyinsa da tsakar rana. Ba ya cewa a koma ginin tubali dole, amma yana jin takaicin matashin da zai gama karatun zanen gini bai taɓa shiga wannan soro ba.

Na daɗe kafin in gane cewa tambayoyin nan daga cikin gidansa ya samo su. Komai yawan aiki, yakan rufe ofis kafin magariba domin ya ci tuwon dare da yaransa. Da ƙanensa ya rasu, ya kwaso marayun ya haɗa da nasa, har baƙo ba ya iya bambance ɗan gida da ɗan riƙo. Mahaifiyarsa a hannunsa ta cika, a irin ɗakin nan da yake zana wa iyayen wasu. Da uwargidansa ta kwanta doguwar jinya, shi da kansa ya auna ƙofofin gidan ya faɗaɗa su, ya fasa dakali ya yi gangara domin keken marasa lafiya ya wuce, alhali shi ma a lokacin da sanda yake tafiya. Gida ɗaya tak ya mallaka har ya koma ga Mahaliccinsa.

Na kuma shaida ranar da wani ɗan kwangila ya rage rodi a ginshiƙan wani bene, ya kuma cika yashi a bulo. Baba ya ƙi sa hannu, aka yi lallashi aka yi barazana bai canja ba, har aikin ya kuɓuce masa. Idan na ji labarin bene ya rufta da mutane, kamar makarantar nan ta Jos da ta danne ɗalibai a watan Yulin 2024, wannan rana nake tunawa.

Malam Edita, ina da roƙo guda biyu. Zane-zanen Baba da na tsararrakinsa suna nan naɗe a kwabobi da akwatuna, gara da danshin damina suna cin su. Ina kira ga sashen koyar da zanen gini na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da reshen ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasa da ke Bauchi su nemi izinin iyalai su tattara su, a ɗauke su a kwamfuta domin ɗalibai. Sannan ina roƙon jaridarka ta aika wakili ya zanta da dattawan wannan sana'a da suka rage a Bauchi da Gombe, har da tsofaffin magina da birkiloli da kafintoci da suka yi aiki tare da su, tun suna iya ba da labari da bakinsu. Ni a shirye nake in yi masa jagora zuwa gidajen waɗanda na sani.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya albarkaci zuriyar da ya bari.

Naka,
Wani tsohon yaronsa,
Unguwar Jahun, Bauchi.