An ce in zama kamar Monika, amma haƙurina ya kusa ƙarewa

Zuwa ga Baba Fada,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina sauraron shirinka kowane mako, yawanci hannuna cikin ruwan wanke-wanke. Yau dai na ce bari in rubuto, domin abin da ke cina ba na iya faɗinsa a gaban matan zumunta.

Ni 'yar Katolika ce daga wajen Kafanchan, 'ya'yana biyar. Ɗan farina shekarunsa 19. Da goyona aka yi masa baftisma, ni na riƙa raka shi ajin katikisim har ya fara karɓar Jibin Ubangiji, shekara shida kuma yana taimakon Fada a bagade. Har na fara rayawa a zuciya ko Allah zai kira shi aikin Fada. Ya tafi makaranta a Zariya, ya dawo hutu, ran Lahadi na tashe shi ya ce, "Mama, ku tafi kawai." Ba wata ikilisiya ya koma ba, ba addini ya sake ba. Cewa ya yi bai ga abin da addu'a ta tsinana mana ba tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonarmu, muka koma cin bashi. Wata takwas ke nan bai taka ƙofar coci ba.

Babansa direba ne, sai ya yi kwana huɗu bai kwana gida ba. Da na gaya masa, ya ce in ƙyale yaro, ƙuruciya ce. Shi da sauƙi. Ni ce ke shiga Mas da yara huɗu a bayana, idanu suna ƙirga su.

Wata dattijuwa a zumunta ta ja ni gefe ta ce in zama kamar Waliyyiya Monika. Na san labarin, kowace 27 ga Agusta ana tuna mana. Mutuniyar Afirka ce, daga Tagaste a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ta yi shekaru tana kuka a kan ɗanta Agustin, ta haye teku ta bi shi har Milan a Italiya, ta ga Bishop Ambros ya yi masa baftisma a shekara ta 387, kuma a shekarar ta rasu. Amma Baba, ni abin da ya tsaya mini a labarin daban ne. Ita ma akwai lokacin da ta hana shi zama a gidanta saboda koyarwar da ya bi, sai daga baya ta sauko. Wannan ɓangaren ba a cika faɗa mana ba, kuma shi ne ya fi kama da ni. Makon jiya na ce masa wanda ba zai je Mas ba kada ya ci tuwona. Ya tashi ya fita. Na kwana ina kallon kwanon a rufe.

Sannan ga tawa addu'ar. Ƙarfe huɗu nake tashi in markaɗa wake, in soya ƙosai a bakin titi, in shirya 'yan makaranta, autar kuma har yanzu tana shan nono. Da dare idan na ɗauki Rosari, ba na kai "A gaishe ki Maryamu" goma barci ya kwashe ni. A Mas rabin wa'azi a waje nake jin sa ina jijjiga yarinya. Sai in ce da wane baki zan tsawata wa yaro, ni da ban gama Rosari ɗaya ba tun watan Mayu? Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne Uwa Maryamu ma ta yi kwana uku tana neman ɗanta mai shekara 12, da ta same shi a Haikali ya ba ta amsar da ba ta gane ba. Sai dai nata a ɗakin Allah ta same shi, nawa yana ɗaki da waya a hannu.

Ran aurenmu da ran baftismarsa na yi alkawari a gaban bagade zan rene shi cikin bangaskiya. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na kuwa tanƙwara iya ƙarfina. Shin alkawarin nan yana da ranar ƙarewa, ko zan amsa laifinsa a gaban Allah? In ci gaba da matsa masa tunda a gidana yake, ko in yi shiru, alhali ƙannensa suna kallo? Mai bi masa ya riga ya fara tambaya don me shi ake tasa a bar yayansa. Kuma wannan gajiyar ta tuya da goyo, Allah yana karɓarta a madadin Rosarin da nake barci a kai, ko kaina nake ruɗi?

Zai koma makaranta ƙarshen watan nan. Ina roƙo ka amsa kafin ya tafi, kuma ka sa shi cikin addu'a a Mas.

'Yarka cikin Kristi,
Wata uwa daga Kafanchan