Mun kammala gyaran katangar hanyar hasumiyar Komino

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Malta. Alhamdulillahi aikin sa kai da kuka ɗora wa kwamitinmu ya ƙare, wato gyaran guntuwar katangar duwatsun nan da ta zube a gefen hanyar da ke hawa zuwa hasumiyar Santa Mariya a tsibirin Komino.

Wasu sun ce me ya haɗa mu da ginin da ba kakanninmu suka yi ba, to gaskiya duk wanda ya tsaya a gindinsa zai gane. A 1618 Alof de Wignacourt, shugaban mayaƙan Sen Jon masu mulkin Malta a lokacin, ya sa aka gina shi saboda 'yan fashin teku da ke laɓewa cikin kogunan Komino suna tare kwale-kwalen da ke zirga-zirga tsakanin tsibiran Malta da Gozo, kuma lokacin mutane ba su manta da 1551 ba, shekarar da Dragut, kwamandan jiragen yaƙin Daular Usmaniyya, ya kwashe kusan duk mutanen Gozo, dubbai, zuwa bauta. Kaurin bangon ya kai mita 6, daga samansa ake ba da alama idan an hango jirgin maƙiya. Shi kansa ginin an riga an gyara shi tsakanin 2002 da 2004, mu ba mu taɓa shi ba, iyakarmu katangar hanya, ita ma sai da muka samu izini.

Wahalar dai a dakon dutse take, da baro da kai muka yi ta hawa da shi cikin rana. Siminti kuwa ko cokali ba mu sa ba, dattijon magini ɗan ƙasar da ya ja gaba ya hana, haka suke yin irin katangar nan tun kaka da kakanni, dutse kan dutse. Wallahi sai ka ga ya ɗauki dutse ɗaya yana jujjuya shi a hannu har sai ya samu fuskar da za ta zauna daram, sannan ya cusa ƙanana a tsakiya. Layin da muka jera ranar farko maginin ya sa muka rushe shi da hannunmu, kuma da gaskiyarsa, ya karkace.

Kuɗin da aka tara ya tafi a tikitin jirgin ruwa, safar hannu, ruwan sha da sallamar magini, rasit duk suna wajen ma'aji ga mai son dubawa. Baro biyu da muka aro mun mayar wa masu su. Allah ya saka wa kowa da alheri.